"Mun yafe": wa muka yafe wa, direba ko kamfanin asirans?

Akwai wata kalma da muke saurin furtawa a wurin zaman makoki, yau a kanta muke son mu tsaya: "mun yafe".

Kowa cikinmu ya san yadda abin ke tafiya. Mota ta taso daga Maraɗi za ta Damagaram, ko daga Ƙonni za ta Tawa, ta kaɗe magidanci a bakin hanya yana dawowa daga kasuwa. Kafin la'asar an yi mishi sutura. Ran sadakar uku mai motar ya zo da dattawan unguwarsu, da buhun shinkafa da goro da jika hamsin ko ɗari. Babban wan mamacin ya gyara zama ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Allah ya kawo, mun yafe." A shafa fatiha, a watse. A cikin gida kuwa ga mace mai takaba da ƴaƴa biyar, ƙaraminsu yana goye, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta ko ita ma ta yafe.

Ba mu ga laifin tausaya wa direba ba. Mutumin da bai yi da gangan ba, wanda shi ma ƙila kwana uku bai runtsa ba, a sassauta mishi, wannan halin kirki ne. Amma diyyar da dokar ƙasa ta tanadar wa waɗannan marayu ba daga aljihun direba za ta fito ba. Daga kamfanin asirans za ta fito, wato abin da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa inshora. Mai motar ya riga ya biya kamfanin tun kafin hatsarin, domin irin wannan rana. To in mun ce mun yafe muka tashi, direba bai ƙaru da ko dala ba, kamfani ne ya tsira da kuɗinsa.

Dokar da ke tafiyar da wannan sha'ani ita ce ake kira kundin CIMA. Yarjejeniya ce da ƙasashen Afirka masu amfani da kuɗin sefa suka sa wa hannu a birnin Yawunde a 1992, Nijar na ciki, kundin kuma ya fara aiki a 1995. Shi ya wajabta wa duk abin hawa mai inji da ke bin hanya ya yanki asirans, daga babbar mota har babur ɗin kabu-kabu. Takardar nan da jandarma ke tambaya a shinge, wadda yawancinmu muka ɗauka wani haraji ne kawai na a bar ka ka wuce, alkawari ne a rubuce: in wannan abin hawa ya ji wa wani rauni ko ya kashe shi, kamfani zai biya.

Akwai wani sashe a kundin da muke ganin ya kamata a karanta shi a kowace tasha. Wanda hatsari ya rutsa da shi, in dai ba shi ke tuƙi ba, ba a hana shi diyyar raunin jikinsa don an ce shi ne da laifi, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Wato tsohuwar da ta tsallaka hanya ba ta duba ba, da yaron da ya biyo akuya da gudu, da fasinjan da ke bayan kabu-kabu, duk suna da haƙƙi. Sau nawa muka ji an rufe bakin uwa da cewa "ai ɗanki ne ya faɗo ma motar"? Wannan magana ba ta soke komai a gaban doka. Wanda lissafinsa ya bambanta shi ne matuƙi, shi kam ana iya rage mishi ko a hana shi gwargwadon laifinsa.

Abin da ake biya kuma ba kuɗin likita kaɗai ba ne. Akwai kuɗin magani da na kwanciya asibiti, akwai na kwanakin da mutum ya yi bai fita nema ba, akwai na naƙasa in ta tabbata bayan likita ya auna, har da na azabar da aka sha. In rasuwa ce, akwai kuɗin jana'iza, da rabon matan aure da ƴaƴa saboda mai ciyar da su da suka rasa, da wani kaso na raɗaɗin rashi. Wanda ba ya da takardar albashi, kamar manomi ko mai tireda, ana yi mishi lissafi a kan albashi mafi ƙanƙanta na ƙasa, wanda aka ɗaga daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42 a 2024. Ba mu ce wani zai yi arziki da shi ba, kundin ma ya sa iyaka ga abin da ake biya. Amma ga matar da za ta fita takaba ba jari, ba hatsi a rumbu, bambancin na da yawa.

To me ya sa ba mu nema? Na farko dai kunya. Ana ganin wanda ya bi diyya kamar ya sayar da jinin ɗan uwansa, ko bai yarda da ƙaddara ba. Alhali ko a addini diyyar kisan kuskure sananniya ce, tana cikin Suratun Nisa'i, kuma haƙƙin magada ce. Mun san malamai na da maganganu a kan asalin asirans kanta, wannan fagensu ne, mu ba za mu shiga ba. Abin da muke tambaya shi ne: wa ya ba kawu ko baffa ikon yafe rabon maraya? Ya yafe nasa in yana da shi. Ita ma dokar ta gane wannan, shi ya sa in sulhu ya shafi yaro ƙarami ba a barin kamfani ya ƙulla shi da wani a ɓoye, sai an bi ta hannun waɗanda doka ta ɗora wa kula da haƙƙin yaron.

Na biyu, takardu, kuma a nan ne muke yi wa kanmu illa tun ranar farko. Hatsari ya faru, kafin jandarma ko ƴan sanda su iso an ja motar gefe, an sasanta a bakin hanya, direba ya ce zai ɗauki nauyin magani. Sati biyu yana zuwa asibiti, na uku wayarsa a kashe. Ba kwansta, ba lambar mota, ba sunan kamfani. Wallahi ko lauyan da ya fi kowa iya magana ba abin da zai yi maka a nan. Kwanstan nan, wato takardar binciken da jami'an tsaro ke rubutawa, ita ce tushen komai, kuma doka ta ce su aika wa kamfanin asirans da ita cikin wata uku. Duk mai waya a hannu ya ɗauki hoton lambar motar da takardar asirans ɗinta kafin ya fara ɗaukar hoton jini yana turawa a WhatsApp. A nemi takardar likita ta ranar farko. Kowace takardar magani da rasiɗin kantin magani a adana su cikin leda ɗaya, ko na jika guda ne, domin abin da ba rasiɗi ba a mayar da shi.

In rasuwa ce, aikin ya fi haka. Za a nemi takardar mutuwa, da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da takardar da ke nuna su wane ne magada. A ƙauyukanmu da yawa aure an ɗaura shi shekara ashirin ba takarda, yara biyar biyu ne ke da ta haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa ko aure ko mutuwa, kuma sanarwar kyauta ce. In wa'adin ya wuce ba a rufe ƙofa ba, sai dai a bi ta wurin alƙali, da shaidu da zirga-zirga. Wannan zirga-zirgar ce ke sa mai takaba ta ce a bar wa Allah.

Su ma kamfanonin ba za mu wanke su ba. Doka ta ɗora musu su gabatar wa wanda abin ya shafa tayin diyya cikin wa'adi, ko da bai kai ƙara ba, kuma akwai tara a kan jinkiri. Amma wanda ya taɓa bin irin wannan fayil ya san "dawo mako mai zuwa" da "sai an aiko daga Yamai". Mutumin Tasawa ko Madawa da zai biya kuɗin mota sau huɗu don ya ji wannan amsa, a na biyar ba zai dawo ba, kuma mun fi zaton an san da haka. Ga kuma ƴan tsakiya masu yawo a ƙofar asibiti, su karɓi takardunka su ce za su fitar maka da kuɗi, in sun fito su yanki rabi. Kada wanda ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta mishi ba. Wanda ya riga ya sa hannu kuma ya gane an saɓa wa doka a lissafin, yana da kwana 15 ya warware sulhun ta wasiƙa mai rajista. Ita kuwa ƙarar neman diyya, wa'adinta shekara biyar ne daga ranar hatsarin, don haka wanda abin ya same shi bara ko bara waccan bai makara ba.

Wanda ba ya da kuɗin lauya, akwai hukumar da aka kafa da dokar 2011 domin taimakon shari'a, ana ce mata ANAJJ, tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Bayani da shawara a wurinsu kyauta ne, kuma marar ƙarfi na iya samun mai kare shi. Ƙungiyoyi irin su ANDDH da ta mata masana shari'a su ma sun daɗe suna wayar da kai a kan irin waɗannan haƙƙoƙi. Matsalar ita ce mutum goma za ka tambaya a tasha kafin ka samu ɗaya da ya taɓa jin sunan ANAJJ. Gidajen rediyonmu da ke da lokacin gaishe-gaishe na awa biyu, su ba wannan magana ko minti goma a mako da Hausa.

Saura masu ababen hawa, musamman ƴan kabu-kabu da masu adaidaita. Duk abin da muka faɗa a sama ya rataya ne a kan takarda mai rai. In asirans ta mutu, ko ta bogi ce da aka buga a bayan tasha, ba kamfanin da zai biya, nauyin duka a wuyan mai abin hawa yake, shi kuma sau da yawa babur ɗin ne kaɗai dukiyarsa. Shugabannin tasha da na ƙungiyoyin direbobi sun san wanda takardarsa ta mutu, tunda kullum suna karɓar kuɗin layi a hannunsa.

Roƙonmu ga masu unguwanni da hakimai da limamai, tunda su ake kira a irin wannan zama, shi ne su raba maganar gida biyu. Direba ya nemi gafara, a yafe mishi in an ga dama. Sannan kafin a shafa fatiha a ce ya ajiye kwafin takardar asirans da lambar kwansta, a kuma aika mace ta shiga ciki ta gaya wa mai takaba cewa ita da ƴaƴanta suna da abin nema, da inda za su je, da wanda zai raka ta.