Madubin hangen taurari da ƙurar hunturu: akwati ake buƙata, ba tsumma ba

Mazauna Herwagana da sauran tsofaffin unguwannin birnin Gombe sun san cewa a Disamba da Janairu, ko an kulle ƙofa da taga, kafin azahar ana iya rubuta suna da yatsa a kan tebur. Mafi yawan wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa nan, kuma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi da suka fi gilashi tauri. Ga uwargida, ƙarin shara ce kawai. Ga malamin kimiyya ko matashin da ya haɗa na'urar hangen taurari da hannunsa kuwa, tana iya cinye wahalar watanni.

Isaac Newton ne ya ƙera irin wannan na'ura mai madubi a 1668, daga baya John Dobson na Amurka ya nuna cewa talaka ma zai iya haɗa ta da katako da kwali. Ranta shi ne madubi mai ɗan zurfi da ake gogewa da hannu tsawon makonni, sannan a shafa masa alminiyam a fuska, ba a baya ba kamar madubin ɗaki. Kaurin wannan shafi bai kai kashi 1 cikin 100 na silin gashi ba, kuma babu abin da ya rufe shi sai wani siririn shafi na kariya, in ma an yi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙurar da ta kwanta kawai ba ta rage gani ƙwarai. Mai kashe madubi shi ne mai kyakkyawar niyya da ya ɗauko tsumma ko bakin rigarsa ya share, domin kowace ƙwayar yashi sai ta ja layi, kuma layin ba ya gogewa sai an sake shafi gaba ɗaya, aikin da ke buƙatar injin da ba a samu a kasuwa. Saboda haka a rufe bakin bututun da gindinsa, ko da hular wanka ta roba ce, a ajiye shi a kwance ba fuska sama ba. In an cire madubin, a sa shi a akwati mai murfi yadda babu abin da zai taɓa fuskarsa, tare da ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, don damina ma tana da nata sharrin. Wanki kuwa sai ya zama dole, da tataccen ruwa, a fara da ɗauraya kafin auduga ta kusanto shi.

Wannan ya shafi masu riƙe da fayil a Abuja kai tsaye. A ganina, tsarin sayen kayanmu ya iya kawo na'ura da bikin miƙa ta, amma da wuya ka ga layi a kasafi na kabad mai murfi ko na horar da ma'ajin sito. Ƙasar da ta kafa hukumar sararin samaniya ta NASRDA tun 1999, ta kuma harba tauraron ɗan'adam na farko a 2003, bai kamata ta rasa takardar umarni mai shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, da za a manna a ɗakin gwaje-gwajen kowace makaranta ba.

Lokaci ma ya matso. Azumin 2026 ya kama ne a Fabrairu, kuma tunda shekarar Musulunci tana ja baya da kimanin kwana 11, neman jinjirin Ramadan zai riƙa faɗawa tsakiyar hazo har shekaru masu yawa nan gaba. Duk hadimin da ke shirya wa maigidansa takardar sayen na'urori ga makaranta ko kwamitin ganin wata, ya rubuta kuɗin akwati da sunan wanda zai riƙe makulli a takarda guda da farashin na'urar.