Kwafi 3 Na Kowane Littafi Haƙƙin Ƙasa Ne

Tun shekarar 1970 dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta wajabta wa duk wanda ya buga littafi a Nijeriya ya kai kwafi 3 kyauta cikin wata ɗaya da fitowarsa. Idan gwamnatin jiha ce ta buga, kwafi 10 ne a kanta, ta tarayya kuwa 25. Daga cikin kwafin da mawallafi ya kai, ana tura ɗaya Jami'ar Ibadan. Manufar ita ce duk abin da ɗan ƙasa ya rubuta ya samu wurin ajiya, ya kuma shiga jerin littattafan ƙasa, ta yadda na baya za su same shi.

Mu a wannan jarida abin da ya dame mu shi ne littattafan Hausa. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa suka buɗe wani sabon babi a Kano, ɗaruruwa suka bi sahunsu. Mafi yawa marubucin ne ke biyan mai ɗab'i daga aljihunsa, ya ɗauki kayansa ya kai wa dillalai a kasuwa. Takarda mai araha ce, littafin kashi na 1 da na 2 da na 3, yana yawo daga hannu zuwa hannu a gidajen aure har bango ya cire, shafin ƙarshe ya ɓace. Da yawa daga waɗannan littattafai ba su da lambar ISBN, balle a ce an kai su ajiya. Abin takaici, sai da Farfesa Graham Furniss ya tara ɗimbinsu a makarantar SOAS da ke Landan. Ɗalibi a Kano bai kamata ya nemi tarihin adabin garinsu a Ingila ba.

Laifin ba na marubuta ba ne kawai. Tarar da dokar ta yanka wa wanda ya ƙi kaiwa ba ta wuce naira 50 ba, kuɗin da yau ba ya sayen biro mai kyau. Ga shi kuma an rubuta dokar tun kafin intanet, alhali yanzu labarai da yawa a WhatsApp da Wattpad ake sakinsu, ba sa taɓa ganin injin ɗab'i. Shi kansa ginin hedkwatar ɗakin karatun a Abuja, tun 2006 aka ba da kwangilarsa, shekara da shekaru yana tsaye ba a gama ba.

Muna kira ga Majalisar Tarayya ta gyara dokar, ta shigar da littattafan intanet, ta sa tara mai ma'ana. Amma kafin nan, hukumar ɗakin karatun ta daina zaman jira. Ma'aikatan rassanta na jihohi su shiga maɗaba'o'i da shagunan littattafai, su zauna da ƙungiyoyin marubuta, su yi bayani da Hausa, su karɓi kwafin nan take su ba da rasit. Tsofaffin littattafan da suka rage a hannun dillalai kuma a ware kuɗi a saye su tun ana samunsu.