Kajin Kalalatu da Shanun Birnin Kudu

A hutun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke aji biyar a wata sakandare a Gwaram ta nuna mini labarin da ta rubuta domin aikin aji. Tatsuniyar da kakarta ke yi musu ta ɗauko, ta mai da dodon direban tirela, ta mai da dajin tashar mota, ta sauya ƙarshen yadda yarinyar ce ta ceci kanta. Malam ya sa jan biro ya rubuta cewa ƙirƙirowa aka ce ta yi, ba kwafowa ba. Huɗu cikin goma ya ba ta.

Ban ga laifinsa sosai ba, domin ma'anar ƙirƙira da aka koya masa ke nan, wato mutum ya fito da abin da babu shi a da, daga ƙwaƙwalwarsa shi kaɗai. Wannan ma'ana baƙuwa ce a wurinmu, kuma Jamusawa na da hannu babba wajen girka ta. A 1790 masanin falsafa Immanuel Kant ya bayyana gwanin haƙiƙa a matsayin wanda fasaharsa ba ta samuwa ta hanyar kwaikwayo, shi ne ma ake ɗaukar ƙa'ida daga aikinsa. Ra'ayin ya bi jami'o'in Turai, ya shiga manhajar makarantun boko, har ya iso bakin jan biron malamin Gwaram.

Sai dai wanda ya duba aikin da Jamusawan suka yi da hannunsu zai ga wani abu daban. Littafin Jamusanci da ya fi yawo a duniya shi ne tatsuniyoyin 'yan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, wanda kundinsa na farko ya fito a 1812. Ba su ƙago labaran ba. Daga bakin mutane suka karɓa, galibi mata, cikinsu har da Dorothea Viehmann, matar wani tela a kusa da garin Kassel, da 'yan matan gidan Hassenpflug, waɗanda ke da jinin Faransa ta wajen uwa. Wilhelm kuma bai bar labaran yadda ya ji su ba. Ya yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857: ya ƙara hira, ya cire batsa, ya saisaita harshe. A bugun farko, uwar da ta haifi yarinya ce ke neman kashe ta saboda kishin kyau. Daga baya ya mai da ita kishiyar uwa, abin da kowace kakar Bahaushe za ta gane dalilinsa ba sai an yi mata bayani ba. Shi ma Goethe, wanda suke ɗauka sarkin marubutansu, diwaninsa na 1819 amsa ce ga waƙoƙin Hafiz na Farisa da ya karanta a fassara, kuma bai ɓoye ba.

Ɗaya daga cikin labaran na Grimm ya daɗe a gidajenmu ba mu san baƙo ba ne. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya a ƙarshen shekarun 1930 bayan Rupert East ya tara masa littattafai na Gabas da Yamma, yana tuna Kalala da Kalalatu. Tushensa labarin Gretel mai wayo ne: kuku ta cinye kajin da aka gasa domin baƙo, ta raɗa wa baƙon cewa maigida na wasa wuƙa ne don ya yanke masa kunne, baƙo ya ranta a na kare, ita kuma ta ce shi ya gudu da kajin. A hannun Imam 'yar aikin ta zama matar gida. Sauyin ƙarami ne a ido, amma da shi labarin ya tashi daga wayon bara a kan ubangida ya koma zaman aure, da kunyar baƙo, da rowar da ba a iya faɗa a fili. An daɗe ana muhawara a sassan Hausa na jami'o'inmu kan ko wannan aro ne ko sata. A ganina Imam ya yi wa Grimm abin da Grimm suka yi wa matar tela, kuma a wurare da dama ya fi su iya ba da dariya.

Inda muka bambanta da su shi ne abin da ya biyo baya. Jamusawa sun mai da tattarawa sana'ar ilimi. Su Grimm ɗin ne suka fara ƙamus ɗin harshensu a 1838, aikin da bai kammala ba sai 1961, bayan sun fi shekara casa'in a kabari. Cibiyar Frobenius da ke Frankfurt tana ajiye da dubban kwafen zanen duwatsu da masu zane, da yawansu mata, suka zauna a gaban dutse a Afirka da wasu nahiyoyi suka kwafo da fenti. A 1937 an baje wasunsu a gidan adana zanen zamani na New York tare da ayyukan irin su Paul Klee, masu kallo suka ga dangantakar da idonsu. Ba na wanke Leo Frobenius. Mutumin da ya ga kawunan mutum-mutumi na Ife a 1910 ya ce ba aikin Yarabawa ba ne, ragowar wata ɓatacciyar ƙasar Atlantis ce, ba abin koyi ba ne a ɗabi'a. Amma kwafen suna nan, ana nazarinsu.

Mu kuma muna da Birnin Kudu. A Dutsen Mesa da Dutsen Habuɗe akwai zanen shanu a jikin dutse, akasarinsu marasa tozo, ba irin waɗanda Fulanin yankin ke kiwo yau ba. Akwai duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a tsakiyar shekarun 1950. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa na kula da wurin. Wa ya zana shanun nan? Me ya sa shanu, ba mutane ba? Ina masu su suka nufa? Tambayoyi ne da za su ɗauki littafi guda, ko fim, ko zanen atamfa. Na girma a yankin, na yi digiri a aikin jarida, amma abin da na fara karantawa mai tsawo a kan duwatsun Bature ne ya rubuta shi, da Turanci. Haka zancen yake ga tatsuniyoyin Warjawan da ke ƙauyukan Birnin Kudu, waɗanda jikokinsu da yawa Hausa kawai suke ji yanzu.

Ba kuɗi mai yawa abin ke nema ba. Malamin Hausa a Gwaram ko Basirka zai iya tura kowane ɗalibi ya naɗo tatsuniya ɗaya da wayar gidansu, ya rubuta ta yadda tsohuwa ta faɗa, da sunanta da ƙauyenta, sannan a shafi na biyu ya sake gina ta yadda ya ga dama. Makin farko na amana ne, na biyu na fasaha. Aji ɗaya mai ɗalibai sittin ya isa ya cika kundi a zango guda.

Na ba yarinyar Magana Jari Ce, na kuma fassara mata labarin Gretel da baki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ita da kaza ɗaya za ta ci ta bar ɗaya, don a fi yarda da ita. Ta karɓi takardarta ta tafi.