"A Gwada Tukuna"

Ɗan'uwana cikin Almasihu, akwai wata magana da ta shigo ikkilisiya ta ƙofar baya, har ta sami wurin zama. Wai kafin a ɗaura aure sai a gwada yarinya tukuna, a ga ko za ta haihu. Da daga bakin samari kaɗai nake jinta, da na ce ƙuruciya ce. Amma na ji ta daga bakin uwa mai ɗaura zanen zumuntar mata, tana gargaɗin ɗanta kada ya kai sadaki sai ciki ya bayyana.

Mu kira abin da sunansa. Fasikanci ne aka yafa masa rigar hikima, gindinsa kuwa rashin bangaskiya. Wanda ya ce sai ya gwada, cewa yake yi bai amince wa Allah da zuriyarsa ba, gara ya riga shi da dabara.

Buɗe Farawa sura 25. Ishaku yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, bai rungumi Isuwa da Yakubu ba sai da ya kai 60. Shekara 20 gidan shiru, ba kukan jariri, shi kuwa roƙon Ubangiji ya yi saboda matarsa. Da an bi shawarar waccan uwa, da an mai da Rifkatu gidan ubanta tun da wuri. Ina za ka sami Yakubu? Ta wace zuriya Mai Ceto zai zo?

Duba kuma wanda yake biyan bashin. In ciki bai samu ba, saurayi ya kakkaɓe rigarsa ya nemi wata, ko da yake likitoci sun tabbatar rashin haihuwa kan fito daga namiji ma. In ya samu, yarinya ce ake sa wa horo, ta zauna a bencin baya, a hana ta Jibin Ubangiji, shi kuwa ya tsallake zuwa birni. A nan mu fastoci da dattawa ba mu da bakin kare kanmu: sau da yawa cikin muke hukuntawa, domin shi ido yake gani.

Ke kuma 'yata, in ya ce sai ya gwada ki, kada ki tsaya jayayya da shi, kada kuma tsoron rasa miji ya rufe miki baki. Ki je ki faɗa wa fastonki. In nawa ne ke, ni da kaina zan taka har gidansu, in zauna da mahaifiyarsa.