RIGAKAFI YA FI MAGANI: ME YA SA MUKE JIRA SAI MUN KWANTA?

Masu iya magana sun ce "lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke," amma idan aka dubi yadda muke riƙon wannan uwa sai a ce mun daɗe da yin fushi da ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da na gani da idona a garinmu Sorau, cikin Ƙaramar Hukumar Maiha a yankin Mubi, dab da iyakar Kamaru.

Wani kawuna manomi ya yi shekara biyu yana fama da ciwon kai da jiri. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya wurin mai tallar magani a tire, a ƙulla masa ƙwayoyi kala-kala. Bai taɓa bari an auna jininsa ba, domin a cewarsa asibiti na masu kuɗi ne. Wata safiya ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka kai shi asibiti a Mubi, likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe. Kafin a sallame shi an sayar da shanun huɗa biyu, kuma wani ɗansa ya ajiye karatu. Awon da ba ya cin minti biyar shi ne muka biya da shanu.

Mu ɗaliban harshe mun san cewa "rigakafi" kalma ce harɗaɗɗiya: "riga" da "kafi", wato a kafe gari tun kafin mahara su iso. Kakanninmu ba su jira sai an ji kalangun yaƙi sannan su sari itace ba. Ra'ayina shi ne, a halin da ake ciki, wannan kafi shi ne asusun talaka.

Dalili kuwa a fili yake. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata yake fitowa. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, aka ƙaddamar da shi a 2005, aka kuma sabunta dokarsa a 2022, amma yawancin manoma da 'yan kasuwar ƙauye ba su cikinsa. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na magani duk suka yi tashin gwauron zabo.

To, me mutum zai iya yi da kansa?

Na farko, ruwa da tsabta. A 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a Mubi, ta yi ɓarna har ta taɓa ƙananan hukumomin da ke makwabtaka. Hanyar wannan cuta sananniya ce: ruwa ko abincin da najasa ta gurɓata. Tafasa ruwan sha, rufe randa, amfani da masai da wanke hannu da sabulu ba su kai kuɗin ƙarin ruwa leda ɗaya ba. Idan gudawa ta kama yaro, a haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi yayin da ake shirin kai shi asibiti.

Na biyu, gidan sauro. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Duk da haka na sha ganin gidan sauron da aka raba kyauta an kewaye lambu da shi, masu gidan kuma suna kwana a fili.

Na uku, abinci da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda, mu kuwa sai mu zuba gishiri mu bi shi da dunƙule uku. Ga shayi mai sukari kamar zuma. Hawan jini yakan daɗe bai nuna alama ba, don haka wanda ya manyanta ya riƙa zuwa awo ko da yana jin garau. Haka nan awon ciki ga mata, da allurar rigakafin yara wadda gwamnati ke bayarwa kyauta, da shayar da jariri nono zalla na wata shida.

Na huɗu, shan magani barkatai, wanda cutarwarsa ba ta tsaya kan mai shi kaɗai ba. Iyayenmu sun san kulorokwin, maganin zazzaɓi mai araha. Sannu a hankali ƙwayar cutar ta saba da shi, har a 2005 Nijeriya ta koma ga magungunan da suka fi shi tsada. Haka magungunan kashe ƙwayoyin cuta ke rasa ƙarfi idan ana shansu ba bisa ƙa'ida ba. Kowa ya haɗiyi kafso don mura, yana taimakawa ne wajen ƙara wa maƙwabcinsa kuɗin magani gobe.

Na san wani zai ce, "Ai laifin hukuma ne." Gaskiya ne hukuma na da nata kaso. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta cika shi ba. Wanda ba shi da rijiya mai kyau ba za a zarge shi da shan ruwan rafi ba, kuma akwai cutar da ke zuwa duk tsantsenin mutum. Sai mu ci gaba da neman haƙƙinmu, amma sauro ba ya jiran kasafin kuɗi.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai. Da yawa daga dattawanmu ba su ƙi shawarar likita ba, fahimtarta ce ba su yi ba. Kawuna ya ɗauka hawan jini yana nufin jini ya yi yawa a jiki, har ya so a yi masa ƙaho. Wa ya fi mu cancantar warware irin wannan da Hausa ko Fulatanci mai sauƙi? Idan mun koma hutu, kowa ya ja dattijo guda a gidansu ya kai shi awo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.