WASIƘAR AKAWU: INA GANUWAR KANO?

Zuwa ga Edita.

 Ina neman gafarar waɗanda suka duba filin nan makon jiya ba su tarar da ni ba. Hutun kwana biyar na samu a ofis, na kwashi iyalina muka tafi Kano. Abin da na gano can shi na ke so in shimfiɗa gaban malamai da akawuna 'yan'uwana, don ya tsaya mini a rai, na kuwa san ba ni kaɗai ya shafa ba.

Tafiyar nan da bakina na jawo ta. 'Ya'yana uku ne: babbar shekararta tara, mai bi mata namiji ne ɗan shekara shida, sai auta wanda bai cika uku ba. Wani dare babbar ta kawo mini littafinta na makaranta, ta nuna mini hoton ganuwar Kano, ta ce, "Baba, ka taɓa ganinta?" Na ce na gani mana. Na shiga ba ta labari ina ƙara gishiri, har na ce mata in mutum ya tsaya gindinta ya ɗaga kai, sai hularsa ta faɗi. Gaskiyar magana kuwa, na sha zuwa Kano kan aikin ofis, amma daga tasha sai ofis, daga ofis sai tasha, ban taɓa tsayawa na dubi ganuwa ba. Duk abin da na faɗa mata a takarda na tsince shi. Tun daga ran nan yarinya ba ta bar ni na sha ruwa ba, har uwarsu ta ce, "Maigida, alkawari kaya ne, sai ka kai su."

Muka tashi daga Kaduna ran Asabar da sassafe cikin motar haya, muka bi ta Zariya, muka isa bayan azahar. Wanda bai taɓa tafiya da ƙananan yara ba bai san tsawon hanya ba. Wannan ya ce ƙishirwa, wancan ya ce yunwa, kowane ƙauye aka wuce sai a tambaye ka ko nan ne Kano. Muka sauka gidan wani abokina da muka yi makarantar mishan tare. Da la'asar sakaliya muka ɗauki a-daidaita-sahu, na ce wa mai tuƙi ya bi da mu hanyar da ta tashi daga Ƙofar Ɗan'agundi, ta wuce Na'isa da Gadon Ƙaya, har ta kai Kabuga, don na ji an ce ganuwa ta bi gefenta.

Muka yi ta tafiya. Ga ƙofofi nan a tsaye, amma na siminti ne, don an rushe na dā saboda faɗaɗa hanya, aka sake gina su. Tsakanin ƙofa da ƙofa kuwa sai shaguna da gidaje da wuraren sayar da mai. Nan da can a ga wani tudun jar ƙasa, awaki na hawa suna sauka, a wani wurin an mai da shi juji. Sai babbar ta taɓa ni ta ce, "Baba, ina ganuwar?" Mai tuƙi ya yi dariya, ya nuna tudun, ya ce, "Ai ga badalar nan, 'yammata, ita mu ke bi tun ɗazu." Yarinya ta dubi tudu, ta dubi hulata tana nan daram bisa kaina, ba ta ce kome ba. Jama'a, na sha jin kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin ta ran nan ba. Sai can gaba muka sami wani ɗan yanki da aka gyara, muka sauka suka shafa shi da hannu, na sami abin fita kunya kaɗan.

To, don mai karatu ya san girman abin da a ke hasara, bari in faɗi abin da tarihi ya riƙe. Littafin Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Sa'an nan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya ƙara faɗinta, shi ne kuma ya gina gidan sarauta da ya ke ɗauke da sunansa har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi. Sa'ad da Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, Gwamna Luga ya rubuta cewa kewayen ganuwar mil 11 ne, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40. Ashe ban yi wa 'yata ƙarya ba game da hula, sai dai na makara da shekara ɗari da 'yan kai.

Me ya cinye wannan uban gini? Dalilin a fili ya ke. Da tubali da jar ƙasa aka yi shi, ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa, kowace damina sai ta ɗebi rabonta. A zamanin dā in ruwa ya ɗauke, sai a yi gayya, kowace unguwa da yankinta, a haƙo ƙasa a kwaɓa a yaɓe inda ya zube, don kowa ya san ran da maƙiyi ya zo, ita ce tsakaninsa da bauta. Da yaƙi ya ƙare, sai gayya ta mutu. Ruwa ya ci gaba da aikinsa, mutane suka taya shi: wannan ya ɗebi ƙasa ya yi ɗaki, wancan ya fasa ya yi hanya, wani ya share ya kafa shago. A 2007 an sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke neman hukumar UNESCO ta ƙidaya su cikin kayan gadon duniya, amma suna a takarda ba ya hana ruwan Agusta zuba.

Kashegari da sanyin safiya muka nufi Dutsen Dala. Na goya auta a kafaɗa, manyan biyu suka yi gaba suna ƙidaya matakala, aka kai bisa kowa da nasa lissafi, har yau ba su daidaita ba. Daga can muka hangi Goron Dutse, da hasumiyoyin babban masallaci, da rufin gidaje iyakar ganin ido. Na zaunar da su na ce, nan ne asalin garin. Tun kafin a yi sarki mutane ke zaune gindin dutsen nan suna narka tama suna ƙira. Na ba su labarin Barbushe da Tsumburbura, da zuwan Bagauda wanda tarihi ya sa farkon sarautarsa a 999. Namijin ya ce, "Baba, to, in babu ganuwa, yaya za a san inda garin ya ƙare?" Na duba gabas da yamma, ni kaina na kasa nuna masa.

Daga nan muka sauka muka tafi Gidan Makama, kusa da fadar Sarki, wanda tun zamanin Rumfa a ke lissafa shi, yanzu kuwa nan a ke ajiye kayan tarihi. A can yara suka ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke, da kayan yaƙi na dā, suka ga daurin guga na ginin ƙasa wanda ya sa ɗaki ya yi sanyi ba tare da fanka ba. Amma kafin mu gama kewayawa rana ta take, auta ya fara kuka, muka koma masauki dole.

Ran Litinin muka je marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafa kafuwarta daga 1498. A nan ne na sami darasin da ya fi kowane. Muka tarad da wani dattijo zaune bakin rami, hannuwansa sun yi shuɗi har gwiwa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya dubi babbar ya ce, "A'a, ga amaryata an kawo mini har gida!" Ta ɓuya bayan uwarta, aka yi dariya. Ya bayyana musu yadda a ke haɗa rini: a zuba ruwa cikin rami, a sa baba da toka da katsi, a bar su kwana da kwanaki ana motsawa har su nuna. Sa'an nan ya ɗauki wani farin ƙyalle ya tsoma, ya jima yana juya shi, ya fitar. Sai ga shi kore! Namijin ya ce, "Baba tsoho, ai ya ɓaci." Dattijo ya ce, "Dakata tukuna, abokina." Ya baza shi a iska, muna kallo ya rikiɗe ya zama shuɗi. Na karanta a makaranta cewa iska ce ke wannan aiki, amma ni ma baki na saki, gani ya kori ji.

Ina cikin wannan kallo na manta da auta. Ashe ya zame hannuna ya nufi wani rami, ya leƙa yana miƙa hannu. Ramukan nan zurfinsu ya fi tsayin mutum. Kafin in motsa, dattijon nan ya miƙa hannu ya cafke rigarsa ta baya. Uwarsu ta yi salati, ni kuwa gwiwoyina suka yi sanyi. Laifin nawa ne ni kaɗai. Rigar tana nan da shatar yatsu biyar masu shuɗi, uwarsu ta ce ba za a bayar da ita ba.

Da hankali ya kwanta na tambaye shi, "Baba, ramukan can da na gani cike da shara fa?" Ya ce, "Malam, kowane rami da ka gani da mai shi. Wanda ɗansa ya gaje shi, ga shi nan da ruwa. Wanda ɗansa ya tafi wata sana'a, ga shi can." Ya ce atamfar kanti da rinin bature sun fi araha da sauri, shi ya sa samari ba su tsayawa. Na tuna Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano na kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Har yau Buzaye na neman baƙin rawani mai ƙyalli irin na Kura. A nan na gane ciwon ganuwa da na marina ɗaya ne: duk inda hannu ya janye, shara ta maye gurbi. Bambancin kawai, marina tana da sauran masu riƙe da ita.

Saboda haka ga roƙona. Mu da aka sa makaranta, mu a ke duba a ce mun san abu, amma da yawa cikinmu mun fi sanin labarin garuruwan da ba mu taɓa gani ba bisa na ƙofar gidanmu. Ina roƙon malaman makaranta, musamman na Kano da Katsina da Zariya da Daura da Sakkwato, su riƙa fitar da yara ko sau ɗaya a shekara, su kai su su ga abin da ya rage, su zaunar da su gaban dattawa masu sana'a. Ina roƙon akawuna irina, in an sami hutu, a rage kuɗin wani abu a kai iyali. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya shafa ganuwa da hannunsa, in ya girma ya zama mai sa hannu a takardar fili, zai yi tunani biyu kafin ya ba da izinin share ta. Ina kuma roƙon masu unguwanni da ke maƙwabtaka da abin da ya saura, su duba ko za a tā da gayya ta dā, ko da ta kwashe juji ce.

Ga wanda zai bi sawuna kuwa, ga abin da wuya ta koya mini. Kada ka haɗa wa yara fiye da wuri biyu a yini. Hau Dala kafin rana ta yi zafi, ka riƙe ruwan sha da ɗan abin taɓawa, gurasa ba ta wuyar samu a Kano. Karanta tarihin wurin kafin ka tashi, don tambayar yaro ba ta sallama. In ka shiga marina ko lungunan Kurmi, kada ka saki hannun ƙaramin ko da ƙiftawar ido. In dattijo ya ɓata lokacinsa ya koya wa 'ya'yanka, sayi ɗan abin da ya ke sayarwa, kada ka tsaya ciniki mai tsanani.

Mun komo gida ran Laraba lafiya. Da muka sauka, babbar ta ɗauko littafin nan nata, ta rubuta da fensir ƙarƙashin hoton, "Saura kaɗan." Na so in hana ta ɓata littafi, sai na ga ban da bakin magana. Ina fata masu karatu na sauran birane za su rubuto su gaya mana halin da tasu ganuwa ta ke ciki, don mu san inda aka kwana. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da muka gāda, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Akawu, Kaduna.