Kafin ka biya kuɗin haya, wa zai faɗa maka zafin gidan?

Mai neman haya a Kano ko Kaduna yakan tambayi dillali ko akwai ruwa, ko unguwar na samun wuta, da nawa ne a shekara. Ba ya tambayar yadda ɗaki yake da ƙarfe biyun rana a watan Afrilu, ko ya tambaya ma babu takardar da za a nuna masa. Sai ya tare yake gane kwanon rufin siriri ne, babu komai tsakaninsa da silin, tagar kuma yamma take kallo. Mai gida ya yi tsimi wajen gini, ɗan haya ne zai biya a mita.

A Ingila, gidan da za a sayar ko a bayar haya sai da takardar da ke nuna yawan makamashin da yake ci, daga harafin A zuwa G. Tun 2018 aka hana ƙulla sabuwar haya a gidan da bai kai E ba, in ban da 'yan kaɗan da doka ta keɓe. Faransa ma ta rufe ƙofar sabuwar haya ga gidaje masu G daga Janairun 2025. Su sanyi suke gudu, mu zafi, amma aljihu ɗaya yake ramewa.

Abin takaicin shi ne Najeriya na da irin wannan ƙa'ida. A 2017 Ma'aikatar Wutar Lantarki, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar da kundin tsimin makamashi a gine-gine, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Ya yi magana a kan girman tagogi da yi musu inuwa, da sa abin tare zafi a rufi, har da lambar taurari da za a ba gini. Sai dai izinin gini a hannun jihohi yake. In hukumomi irin su KNUPDA da KASUPDA ba su mayar da shi sharaɗi ba, kundin zai ci gaba da kwana a durowa.

Tun da kuɗin wutar Band A ya tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, gidan da ba ya zaunuwa sai da AC ya zama haya biyu.

Za a ce wannan zai ƙara tsadar gini. Wani ɓangaren zai ƙara, amma juya taga daga yamma, fito da baki a rufi, ko shafa wa kwano farin fenti ba su ne ke karya magini ba. Maginan soro da azara sun san haka tun kafin a kawo siminti.

Ba na cewa a bi talaka mai ɗaki biyu da takarda. A fara da rukunin gidajen 'yan kasuwa da na gwamnati, a liƙa taurarin a bakin get inda mai neman haya zai gani. Kuma a je a hau rufin a duba kafin a sa hannu, don in a ofis za a riƙa sayen tauraron, gara ma ba a fara ba.